'Yar Ina Ce Ke?

Yau dai ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba kamar yadda na saba, nawa ne na kaina, kuma sai da na yi kwana da kwanaki ina saƙa da warwara kafin na yarda in rubuta shi, domin kuwa akwai abin kunya a ciki, kuma ni ce na aikata shi.

Watannin baya, wanda yake nemana da aure ya sa ƙanwarsa ta raka ni in gaida mahaifiyarsu a nan Kano. Na sha lalle, na ɗaura atamfata ta ƙasan akwati, na lulluɓe kaina da mayafi. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta sa aka kawo min ruwa da lemo. Can hira ta yi nisa sai ta dube ni ta ce, "'Yata, na ji harshenki kamar ba na nan ba. 'Yar ina ce ke?" Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Sakkwato, Hajiya" ba. Ta ce, "Allah Sarki, birnin Shehu," ta yi ta sa min albarka. Ni kuwa sai na sunkuyar da kai, ta ɗauka kunya ce irin ta suruka, alhali ni na san abin da ya sunkuyar da ni. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa kwana a Sakkwato ba.

Daren ranar barci ya ƙaurace wa idona. Duk juyin da na yi fuskar kakata nake gani, wadda ta haifi Babanmu, tana kallona da idon nan nata na tsokana. Da tana da rai na san abin da za ta ce: "Ke kishiya, yaushe anka sake miki uwaye ban ji labari ba?"

To bari in faɗa muku gaskiyar da na ɓoye wa Hajiya. An haife ni a shekarar 2000 a wani ƙauye na ƙasar Anka, a jihar Zamfara. Ku yi min afuwa ba zan ambaci sunansa ba saboda halin da ake ciki. Ƙauye ne a bakin Gulbin Zamfara, wanda yake gangarowa ta Anka ya ratsa ƙasar Bukkuyum ya wuce Gummi, har ya shiga jihar Kebbi ya haɗu da Gulbin Sakkwato. In kin fito ƙofar gidanmu kika dubi arewa, fadama ce iya ganinki, ga giginyu sun yi jerin gwano kamar 'yan rakiyar amarya. Da damina gulbin nan sai ya cika ya batse, ruwan ya yi ja saboda laka, yana tafe da itace da ƙaiƙayi, har cikin ɗaki muke jin rurinsa da daddare. A lokacin babu mai haye shi sai a jirgin 'yan fito. Da rani kuwa sai ya janye ya bar mana yashi fari tas, mu tona da hannu mu samu ruwa mai sanyi kamar na randa, mu cika tuluna, mu yi wanki, mu shanya a kan yashin, kafin mu gama gaɗa kayan sun bushe.

Ni dai tun ina ƙarama Allah Ya jarabce ni da kallon ƙasa. In an aike ni kai abinci gona sai an biyo sawuna, don za a tarar da ni a gindin kanya ko ɗinya ina kallon tururuwa, ko ina bin balbela a bayan shanun Fulani. Na sha duka a wurin Innarmu kan wannan hali, amma Kaka ba ta taɓa yi min faɗa ba. Ita ce ma take ƙara zuga ni. In za ta shiga daji neman saiwa sai ta ce in ɗauko mata ƙwarya in biyo ta, muna tafe tana kiran sunan kowace itaciya kamar tana gaida maƙwabta. Ga marke, ga ƙirya, ga kaɗanya mai man shafawa, ga ɗorawa da ake daddawa da kalwarta, ga sabara ta masu jego, ga aduwa, ga magarya. Ita ta nuna min gawo, ta ce in lura da shi, duk itace yana ganye da damina amma shi lokacin yake kaɗe nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kowa ya bushe sannan ya yi shar, shi ya sa manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa gero rana, kuma hatsin gindinsa ya fi kowanne kyau. Ita ta koya min cewa in shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bakin masallaci, to a fiddo iri a gyara, ruwa ya kusa.

Da daddare kuma, in an ci tuwo an watse, yara suna neman tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ni sai in lallaɓa ɗakinta in ce labarin dauri nake so. Ita asalinta 'yar cikin garin Anka ce, aure ne ya kawo ta ƙauye, kuma ba ta taɓa yarda a manta da haka ba. Sai ta gyara zama a kan tabarma, ta gutsiri goro ta ce, "Mi kika sani, ɗiyar jiya? Mu Zamfarawa mun yi sarauta tun ba a san wasu ba." Daga bakinta na fara jin Dutsi, inda sarautar Zamfara ta fara. Daga bakinta na fara jin sunan 'Yargoje, macen da ta mulki Zamfara, ta zauna a Kuyambana, maza suna faɗuwa a gabanta suna gaisuwa. Na ce, "Kaka, mace kamar ni?" Ta ce, "Mace awa ke, sai dai ita ba ta ƙyuya."

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Birnin Zamfara. Ta ce birni ne babba mai ganuwa da ƙofofi, can arewa wajen Isa. "Gobirawa sunka zo baƙunta, anka ba su masauki gonar Alƙali, shi a mafarin Alƙalawa. Sunka zamna, sunka haihu, sunka yi ƙarhi, sai ga baƙo ya ci gida." Ta ce daga ranar da birnin ya faɗi sarakunanmu suka shiga yawo, yau suna nan gobe suna can, daga Kiyawa zuwa Sabon Gari, har Allah Ya zaunar da su a Anka. In ta zo nan sai muryarta ta canza, ka ce jiya abin ya faru kuma da ita aka yi gudun. Ni a lokacin daɗin labari kawai nake ji. Ban san ana gadon gudu ba.

Babanmu fataucin hatsi yake yi, don haka in an yi hutu nakan maƙale masa ya tafi da ni. Ranar da ya fara kai ni Anka ya tsaya da ni a ƙofar fada ya ce, "Nan ne gidan Sarkin Zamfara, shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar nan." Na ga dogarai da jajayen riguna, na ga dawaki, na riƙe gefen rigarsa gam. Ya nuna min wani tudu da awaki suke hawa ya ce ragowar ganuwa ce. Na hau, na ɗebi ƙasar a hannuna, ina tunanin hannun wa ya cuɗa ta. Wani hutun kuma muka bi titin da ya wuce Nasarawar Burkullu da Ɗaki Takwas har Gummi, garin su Innarmu. Na dame shi da tambaya a mota, ina ɗakunan guda takwas, wa ya gina su, har direba ya juyo ya ce, "Alhaji, wagga ɗiya taka lauya za ta yi." A Gummi na ga fadamar shinkafa da gonakin duma, na ga inda ake fafe ƙwarya. Kawuna ya ɗauko min fassarar Alƙur'ani mai girma da Hausa ya ce, "Kin ga wanda ya yi wannan aikin? Malam Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin nan ne. Har lambar Sarki Faisal aka ba shi a Saudiyya a 1987." A Bukkuyum kuwa, inda yayar Babanmu take, can na ji ana kiran sarki da Sarkin Danko, na Gummi kuma Sarkin Mafara, na yi ta mamakin yadda kowane gari yake ɗauke da sunan wani wuri a sarautarsa. Ashe kowane suna labarin ƙaura ne.

Cikin halayena na yarinta har da tara duwatsu. Ina da wani gwangwanin madara da nake zuba duk dutsen da ya burge ni, fari da ja da mai ƙyalli. A ranin 2010, ina 'yar shekara 10, aka kai ni Dareta in taya ƙanwar Babanmu aiki don ta yi nauyi. Na tarar da garin ya canza. Zinari ya yi tsada a duniya, maza sun bar gona sun koma rami, suna kawo duwatsu buhu-buhu har cikin gida. Injin da ake niƙa dawa shi ake niƙa dutse da shi, mata kuma suna dakawa a turmi, ana wankewa a tsakar gida ana shanyawa. Ƙura ta rufe ko'ina, har kan tuwo. Ni kuwa murna nake yi, ga duwatsu masu ƙyalli a banza, na cika gwangwanina. Gwaggo tana da ɗa namiji ɗan shekara 2, kullum yana bayana, in na sauke shi ya yi ta rarrafe a cikin ƙurar nan yana kai hannu baki kamar kowane yaro.

Wata safiya ya tashi da amai, kafin azahar ya fara sanƙarewa, idanunsa suka juye. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani. Kwana 2 ya yi ya koma ga Mahaliccinsa. Kuma ba shi kaɗai ba, kusan kowane gida an yi makoki, ƙananan kaburbura suka cika maƙabarta. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka ɗebi jinin yara aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce da take cikin dutsen zinarin, ita ce take bin ƙura ta shiga cikin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yara fiye da 400 aka rasa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru. Aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka yi mata nata. Da na koma gida Innarmu ta ɗauki gwangwanina ta jefa a masai. Ban yi kuka ba. Amma daga ranar na daina duban ƙasa in ina tafiya.

Da na shiga makarantar kwana a Gusau sai na tarar sunan garinmu ya riga ni zuwa. Ranar farko a ɗakin kwana wata babbar ɗaliba ta tambaye ni garinmu, na ce Anka da ƙarfina, yadda Kaka ta koya min. Sai ta ce, "Au, 'yar dalma ce, ku yi hankali da kofunanku." Aka bushe da dariya. Sunan nan ya bi ni shekara 6. In na yi kuskure a lissafi a ce dalma ce ta taɓa ni. In na ce "mi" ko "munka" a kwaikwaye ni. Sai na shiga gyara harshena, na koyi "me" da "muka", na rage zuwa hutu ƙauye, in na je ma ba na shiga ɗakin Kaka sai gaisuwa. Takan ce, "Kishiya, boko ya hana ki hira?" In ce karatu ne ya yi yawa. Allah Ya yafe min.

Abin mamaki, a wannan makarantar ne malamin tarihinmu ya tabbatar min da duk abin da tsohuwar nan take faɗa. Ya rubuta a allo cewa Sarkin Gobir Babari ne ya ci Birnin Zamfara wajen shekarar 1760, kuma Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir har zuwa 1808 da masu jihadi suka ci ta. Ya ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma a 1805 ya zauna da jama'arsa a Sabon Gari kafin ya wuce Gwandu. Ya ce masana suna sanya zamanin 'Yargoje a wajen shekara 700 da suka wuce. Ya ce wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya zauna a Anka ya tattara tarihin Zamfara daga bakin dattawa ya buga littafi da Jamusanci a 1959, sannan Dakta Garba Nadama, wanda ya yi gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato daga 1981 zuwa 1983, a kan tarihin Zamfara ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya tambaya ko akwai 'yar Anka a ajin. Na san amsar duk tambayoyinsa tun ina goye, amma na sunne kai a tebur, ban ɗaga hannu ba. Mutum ya taso tun daga Jamus don ya ji abin da nake da shi kyauta a ɗakin kakata, ni kuwa ina gudun a san ni da shi.

Na gama sakandare a 2018, na dawo Kano wurin Yayata, na fara rubutu. Masu karanta littattafaina kun sani, guda 3 na fitar, kuma duk cikinsu babu wanda ya taka ƙasar Zamfara. Jarumaina a Nasarawa suke a Kano ko Maitama a Abuja, suna hawa manyan motoci, suna zuwa Dubai sayen kayan lefe. Ban taɓa zuwa Dubai ba, amma na kwatanta ta shafi-shafi. Gulbin da na sani kamar tafin hannuna kuwa ko layi ɗaya bai samu ba.

Ina can ina gina benaye a takarda, gida yana rushewa. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana kasuwa, suka sa wa ƙauyuka haraji. Kuyambanar 'Yargoje ta koma sunan dajin da ake jin tsoron ambata. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙasar Talatar Mafara maƙwabciyarmu. A watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a jihar, na yi makonni ban ji muryar Innarmu ba, ban san suna raye ko sun mutu ba. Sannan a farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana da kwanaki, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. A daren da labari ya iso ƙauyenmu kowa ya ɗauki abin da zai iya. Babanmu ya bar rumbu 2 cike da gero. Kaka ta ce ba inda za ta, sai da ƙanena ya goya ta, suka bi yashin gulbi cikin sanyin hunturu har gari ya waye musu a hanyar Anka.

Na je na same su bayan mako 3, a wani ɗaki guda da wani ɗan'uwa ya ba su aro. Kaka ta rame ta zama kamar yarinya. Ta kama hannuna ta daɗe tana shafawa, sannan ta yi 'yar dariya ta ce, "Kin gani ko, kishiya? Sarakuna sun yi gudu sun ƙare Anka, ga ni ni ma na ƙare Anka." Ta ce in zauna ta faɗa min sunayen kakanninmu tun daga wanda ya fara saran dajin ƙauyenmu, da inda aka rufe kowa, don in an koma a san wurin. Na ce to, bari in dawo da littafi da biro gobe. Washegari aka ce hanya ta yi kyau, motoci za su fita da rakiyar sojoji, wanda bai bi ba sai wani makon. Na bi. Na ce in na dawo da Sallah ma rubuta. Kwana 19 da tafiyata aka bugo min waya.

'Yan'uwa, na yi kukan rashinta, amma kukan da nake yi har yau na goben nan ne da na ce mata. Na tambayi Babanmu sunayen, ya kawo 4 ya tsaya. Gwaggo ta ƙara 1. Sauran sun tafi da ita. An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, ni ban san haka abin yake da zafi ba sai da na nemi gidan na rasa wanda zai nuna min ƙofa.

Duk da haka ban daddara ba, tunda ga shi har na iya kallon idon babbar mace na ce mata ni 'yar Sakkwato ce. Abin da ya ƙarasa farkar da ni saƙo ne da wata yarinya 'yar aji 2 na babbar sakandare ta turo min daga Bukkuyum, kwana kaɗan bayan zuwana gidan Hajiya. Ta ce, "Anti, ina son littattafanki ƙwarai, na karanta su duka. Amma don Allah ina da tambaya. Mu nan garuruwanmu ba a soyayya ne? Kullum sai Kano da Abuja. Ko don mu ba mu da abin da za a rubuta sai mutuwa?" Ba ta san ni 'yar gida ce ba. Na karanta ya fi sau 10. Na tuna yadda samari suke zuwa zance a bakin gulbi da farin wata, da yadda ake haye da amarya a jirgi ana guɗa, da Babanmu da ya yi ta zarya tsakanin Anka da Gummi shekara 2 kafin a ba shi Innarmu. Wa zai rubuta wannan in ni na ƙi?

Ranar Juma'ar da ta biyo na shirya na koma gidan Hajiya ni kaɗai. Na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo neman gafara ne, na yi miki ƙarya. Ni ba 'yar Sakkwato ba ce. 'Yar ƙasar Anka ce ni, a Zamfara, iyayena suna gudun hijira, yanzu haka a ɗakin haya suke a Gusau." Ta yi shiru har na ji bugun zuciyata. Can ta ce, "Me ya sa kika ɓoye?" Na ce tsoro. Ta ce, "Garinku bai dame ni kamar ƙaryar ba. Tashi ki je, zan yi tunani." Har yau da nake wannan rubutu tana tunanin. Shi yana nan a kan bakansa, ni kuma na bar wa Allah zaɓi. In an yi, alhamdu lillahi, za a kai kuɗin aurena inda iyayena suke, a kira sunan garinmu a gaban shaidu. In ba a yi ba, ramin da na haƙa ne, ba laifin Anka ba.

Don haka ƙanwata, ke da kike makarantar kwana kina murɗe harshe don kada a gane ƙauyenku, na riga ki bin wannan hanyar, babu komai a ƙarshenta sai nadama. Ki koyi Turanci, ki koyi Hausar littafi, ki je duk inda karatu ya kai ki, amma in an tambaye ki garinku ki faɗe shi yadda uwarki take faɗarsa. In kuma Allah Ya bar miki tsohuwa a gida, ko a ƙauye take ko a sansanin gudun hijira, wannan hutun ki sayi ɗan littafi, ko ki kunna wayar yayanki ki ɗauki muryarta. Ki tambaye ta daga ina aka zo, wa ya kafa garin, me ya sa aka sa masa sunan, wace itaciya ce maganin me, ina kufan da aka tashi, yaya aka yi aurenta. Za ta yi miki tsiya, za ta ce kin cika tambaya, ki jure. Kada ki ce mata gobe.

Ni dai na fara littafina na 4. Yarinyar ciki 'yar bakin gulbi ce, saurayinta ɗan fito ne, kuma da harshenmu suke zance. Na kai babi na 6, inda ruwa ya janye yashi ya fito, kuma sau da yawa sai na ajiye biro na share hawaye kafin in ci gaba. Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta sa kakata a addu'a, da yaran da dalma ta kashe, da duk waɗanda aka rasa a Anka da Gummi da Bukkuyum da sauran ƙasar Hausa. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gidansa, Ya nuna min ranar da zan sake tona ruwa a yashin Gulbin Zamfara. Gaisuwa ta musamman ga ƙanwata ta Bukkuyum mai tambaya, amsarki tana nan tafe in Allah Ya yarda.

Taku har kullum,
'Yar mutan Anka.